Jan Zare a Gonar Si Tuhami

Mutum uku ne a gidan Si Tuhami: shi kansa tsohon, mai shekara saba'in da shida, da matar ɗansa Najat, da jikarsa Siham wadda ke aji shida na firamare. Ɗan nasa Munsif, mahaifin Siham, yana aikin wanke-wanke a wani otal a tsibirin Jarba, ba ya zuwa gida sai da sallah. Suna da awaki huɗu da jaki ɗaya, da gona a cikin kwari mai itatuwan zaitun bakwai da ɓaure biyu. Man da suke ci shekara guda daga itatuwan nan yake fitowa. Abin da suka rasa shi ne namiji mai ƙarfin ɗaga dutse, kuma tun ambaliyar bara suka rasa ganuwar da ke riƙe musu ƙasar gonar.

Gonar irin ta kowa ce a kwarin. Ganuwar ƙasa ce aka gitta, ƙasar da ruwa ke kwasowa daga kan duwatsu ta yi ta taruwa a bayanta tun zamanin kakanni har ta zama fili, sai manfas a gefe guda, wato ƙofar dutse da ragowar ruwa ke bi ya sauka gonar maƙwabcin ƙasa. Ambaliyar bara ta ɓalle tsakiyar ganuwar, ta yanka kwazazzabo mai zurfin mutum. Tun daga nan ko yayyafi aka yi sai bakin kwazazzabon ya ƙara cin gonar. Siham kan auna shi da ƙafa duk ranar Juma'a. Da farko taku goma sha uku ne tsakaninsa da itace na farko, ya koma tara, ya koma shida.

Wata takwas Si Tuhami ya yi yana hawa motar kasuwa zuwa ofishin gona na gunduma, yana neman a gyara masa ganuwar. Yau a ce masa takardarsa tana babban ofis a birnin Madanin, gobe a ce an rubuta gonar da sunan mahaifinsa da ya rasu shekara arba'in da suka wuce, sai ya kawo shaida. Da ya kawo shaidar aka ce injiniyan ya tafi hutu. Yakan dawo da la'asar, ya tuɓe takalmi a ƙofar gida, ya zauna a inuwar bango. Siham ce ke kawo masa shayi, ita kaɗai kuma yake yarda ta zuba masa, don ya ce uwarta tana cika ruwa.

A ƙarshen watan takwas wata farar mota ta tsaya a bakin hanya, wata mace ta fito da malafa da takalmin hawa dutse. Ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta gaida tsohon cikin ladabi, ta kira shi Ammi, wato baffa, ta ce sunanta Ulfa, ita ce aka ba aikin gonarsa.

Si Tuhami ya dube ta sama da ƙasa, ya leƙa motar ko akwai wani a ciki. Ya ce, "Injiniya aka ce za a turo mini. Ashe 'yarsa ya aiko."

Ta ce, "Babana tela ne, Ammi Tuhami. In ɗinki kake so sai in kira maka shi."

Najat ta juya baya tana ɓoye dariya. Tsohon ya yi gyaran murya, ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa.

Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne ba ta tsaya kan kwazazzabon ba. Kallo ɗaya ta yi masa, ta ce tana son ta hau kwarin har ƙarshensa. Gwiwoyin tsohon ba sa hawa, don haka Siham aka haɗa ta da ita. Suka wuce gonaki goma sha ɗaya a jere, duk ganuwarsu a rushe, zaitun ya bushe a tsaye. Siham tana faɗin sunayen masu su: wannan yana Tunis, wancan 'ya'yansa sun kai shi Faransa, wancan ya rasu magada ba su raba ba. Ulfa ba ta tambayi dalilin da ya sa maƙwabta ba sa gyara su ba. 'Yar duwatsun nan ce ita ma, ta san wanda ya ɗora dutse a ganuwar wani kamar ya ce gonar tasa ce, kuma an sha zuwa gaban alƙali a kan abin da bai kai haka ba.

Da suka sauko ta fito da siririn tiyo mai tsawo, wanda ake ganin ruwa a cikinsa. Ta ba Siham baki ɗaya ta riƙe, ita ta riƙe ɗayan, ta nuna mata yadda ruwan ke tsayawa daidai a bakin biyu duk nisan da ke tsakaninsu. Suka yi ta kai da kawowa har azahar, tana rubutu a ƙaramin littafi. A ƙarshe ta kafa ƙarafa biyu a inda sabon manfas zai zauna, ta ɗaure jan zare a jikin kowanne, ta ce nan magina za su tsayar da dutse.

Si Tuhami yana zaune a bakin gangare yana kallo. Ya miƙo wa Siham sandarsa, wadda ya gada daga mahaifinsa, mai tsaga a daidai gwiwar mutum. Da gwiwa ake auna manfas a kwarin nan tun fil azal: ruwa ya tsaya a gona har gwiwar mai ita, sannan ragowar ta wuce. Siham ta kafa sandar kusa da ƙarfen. Zaren yana ƙasa da tsagar da taƙi guda cur.

Ya ce an yi kuskure, a sake awo. Ulfa ta hauro ta zauna kusa da shi, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce a zamanin mahaifinsa gonaki goma sha ɗaya ne ke tare ruwa kafin ya iso nan, kowacce ta sha nata ta rage masa ƙarfi. Yanzu babu ko ɗaya, ruwan dutsen gaba ɗaya a kansa zai sauka lokaci guda. Kuma ganuwar da tarakta za ta tura sabuwar ƙasa ce, za ta lotsa kafin ta zauna. In manfas ya yi tsawo ruwan ba zai sami hanyar fita da wuri ba, zai hau ta kan ganuwar, ganuwar ƙasa kuwa da zarar ruwa ya bi ta kanta ta tafi.

Shi ma ya yi mata nasa bayanin, kuma ba maganar banza ba ce. Ya ce a shekara goma, shida fari ake yi. Akwai shekarar da ruwa sau ɗaya tak yake sauka, abin da gona ta riƙe ranar shi zaitun zai sha har wata shekarar. Taƙin nan da take gani ƙarami, shi ne tsakanin itace mai 'ya'ya da itacen girki.

Ana cikin haka Jilani, maƙwabcinsu na ƙasa, ya leƙo ta kan iyakarsa. Sa'an Si Tuhami ne, tare suka yi karatun allo, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da tsokana ba.

Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ƙara yin ƙasa da shi kaɗan, itatuwana na jin ƙishirwa."

Si Tuhami ya ce, "Shekara arba'in kana shan ragowata, Jilani. Yau kuma na cikin tulun kake so?"

Jilani ya tafi yana dariya, amma maganarsa ta riga ta yi ɓarna. Siham ta ga yadda fuskar kakanta ta ɗaure. Ta san gobe a majalisar ƙofar masallaci za a ce Tuhami ya sauke manfas ɗinsa ƙasa da gwiwa, wata yarinya ta sa shi yana ba Jilani ruwa kyauta.

Ulfa ta ce, "Shekara biyu kawai, Ammi. Ƙasar ta zauna, sai mu ƙara layin dutse ɗaya."

Ya ce, "Shekara biyu ke kike da su, 'yata. Ni ban san ko ina da su ba."

Amma ya sa hannu a takardar aikin da ta miƙo masa, don ta gaya masa gaskiya cewa in bai sa ba tarakta ba za ta zo ba. Ta ce magina za su fara ranar Litinin, ita kuma za ta dawo kafin su gama. Ta kama kafaɗar Siham ta ce ta kula mata da zaren, kada awaki su taɓa shi.

Ranar Lahadi bayan la'asar tsohon ya ce Siham ta raka shi gona. Da suka isa bakin gangaren ya zauna inda ya zauna rannan, ya miƙa mata sandar, ya ce ta sauka ta ɗaga zaren ya zo daidai tsaga, a duka ƙarafan biyu.

Siham ta ce wa kakanta, "Jaddi, injiniya ta ce kada a taɓa."

"Gonar tata ce ko tawa?"

"Taka ce."

"To sauka. Da gwiwoyina na sauka da ban wahalar da ke ba."

Ta tsaya tana kallon ƙafafunta. Bai taɓa ɗaga mata murya ba a rayuwarta, yanzu ma bai ɗaga ba, jira kawai yake yi. Ta tuna wata takwas ɗin da ya yi yana dawowa hannu wofi, ta tuna dariyar Jilani. Sai ta sauka. Zaren ya ɗauru tamau, sai da ta sa haƙori ta sassauta ƙullin. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu, ta ƙulle su kamar yadda ta same su. Da ta hauro ya shafa kanta, ya ce ta gani ai ba wanda ya mutu.

Washegari Ammi Misbah magini ya zo da yaransa biyu, tarakta ta biyo bayansu. Kwana tara ana aiki. Tarakta ta toshe ɓarakar ta tura sabuwar ganuwa, su kuma suka jera ragar waya kamar akwatuna a manfas, suka cika su da duwatsu, suka ɗaure. Najat tana kai musu zammita, wato garin gasasshen sha'ir da aka kwaɓa, da shayi da hantsi, kuskus da rana. Ulfa ba ta zo ba, an ɗauki motar an kai wani kwarin. Rana ta ƙarshe ta kira Ammi Misbah a waya, Siham tana tsaye da butar shayi ta ji shi yana cewa ya bi zare daidai, aiki ya miƙe kamar sahun sallah.

Kowa ya yaba. Har Jilani ya hauro ya ƙwanƙwasa wayar da sandarsa, ya kalli tsawon manfas ɗin, ya kalli Si Tuhami, ya juya ya koma gonarsa. Tsohon ya koma zaman majalisa da fara'arsa.

Siham kuwa ta kasa sakewa. Aka koma makaranta, amma duk yamma sai ta bi ta gona. Cikin mako uku ta ga abin da Ulfa ta faɗa: sabuwar ganuwar ta fara lotsawa, musamman ƙarshenta na yamma inda tarakta ba ta taka sosai ba. Ta tsuguna ta hanga daga kan manfas zuwa can, ta ga tazarar da ke tsakanin tsawonsu ba ta fi kamu ɗaya ba.

Mahaifiyarta ta fara gaya wa, tana tankaɗen garin sha'ir a tsakar gida. Najat ta ajiye rariyar, ta dubi ƙofar ɗakin tsohon, ta rage murya.

"Ban ji ba, ke ma ba ki faɗa ba. Ni matar ɗa ce a gidan nan, ba ni da baki a kan ganuwa. In babanki ya kira ki gaya masa."

Da Munsif ya kira, ƙarar faranti ta cika wayar. Ya saurara rabi da rabi, ya ce Jaddi ya fi su sanin gonarsa, su bi abin da ya ce, ita kuma ta mai da hankali kan jarrabawa. Kafin ta sake magana an kira shi, ya kashe.

Ta tare Ammi Misbah a ƙofar kanti tana dawowa daga makaranta. Ya ji ta har ƙarshe, goshinsa ya tattare. Ya ce shi zare ya bi, kuma kada ta kuskura ta faɗi wannan magana a gaban mutane, za a ce Misbah bai iya awo ba. Ta ce to ya zo ya cire layin dutsen na sama mana, aikin rabin yini ne. Ya ce ba ya yanka wayar aikin hukuma sai injiniya ta ce, ba ya kuma taka gonar mutum da niyyar taɓa manfas ɗinsa sai mai gonar ya kira shi. Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya rubuta mata lambar Ulfa a bayan littafinta.

Da wayar mahaifiyarta ta kira, a bayan gida inda ake samun layi. Ta faɗi komai a guje kafin tsoro ya hana ta. Da ta gama, Ulfa ta fara yi mata tambayoyi.

"Taƙin wa? Naki ko nasa?"

"Nasa."

"Wa ya sauka ya ɗaga?"

"Ni ce."

Ulfa ta ja numfashi. Ta ce ta gode da ta faɗa, za ta zo ranar Alhamis. Ranar Alhamis Siham ta zauna a bakin hanya daga tashi makaranta har rana ta yi ja, ba mota. Alhamis ta gaba ma haka. Gonaki sittin ne a wuyan Ulfa a kwari huɗu, mota ɗaya kuma su injiniyoyi uku ke rabawa. Da ta ga ba za ta samu zuwa ba sai ta kira ta ce a ba tsohon waya. Ya karɓa, ya saurara kaɗan, ya ce kunnensa ba ya jin maganar waya, ya miƙa wa Najat.

Daga ranar ya san wanda ya kai maganar. Bai yi faɗa ba. Da Siham ta kawo shayi sai ya ce ta ba uwarta ta zuba. In zai aike ta sai ya ce wa Najat, "Gaya wa ma'aikaciyar hukuma ta ba jaki ruwa, in aikin ofis ya bar ta." Wannan ya fi mata duka ciwo. Wata yamma ta je manfas ita kaɗai, ta yi ƙoƙarin zaro duwatsun sama ta ramukan ragar. Ammi Misbah ya iya aikinsa, ko ɗaya bai motsa ba. Ta koma gida da yanka biyu a tafin hannu, ta ce wa mahaifiyarta faɗuwa ta yi.

Wata ranar Talata a tsakiyar watan goma hadari ya haɗu a kan dutse tun da safe. Malamai suka sallami yara kafin ƙarfe goma sha ɗaya don kada hanya ta yanke. Siham ba ta bi ta gida ba, gona ta nufa, ta tarar da kakanta da mahaifiyarta a can, kowa da buhu a ka. Duk mai gona a kwarin ya fito, don ranar ruwa ba a zaman ɗaki. Aka fara jin rugugin ruwan daga sama kafin a gan shi, sannan ya ɓullo ja wur, ɗauke da itace da ƙaya, ya bazu a ƙarƙashin zaitun.

Si Tuhami ya tsaya a kan ganuwa yana hamdala. Ruwa ya rufe gindin itatuwa, ya kai ƙwauri, ya wuce inda Ulfa ta fara sa zarenta, bai fita ba. Tsohon ya juya ya ɗaga murya ya ce wa Jilani, wanda ke tsaye a busasshiyar gonarsa, yau sai ya yi haƙuri ya jira manya su ƙoshi. Siham ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, har ta fara tunanin ko shi ne da gaskiya.

Ruwan ya kai gwiwa, manfas ya fara zuba. Amma abin da ke shigowa ya ninka abin da ke fita, kuma sama ba ta da niyyar tsayawa. Siham ta bi kan ganuwar da gudu zuwa ƙarshen yamma. Saura yatsu huɗu ruwa ya kai saman ganuwar. Tana tsaye ya koma biyu. Sai wani siririn ruwa ya lallaɓa ya bi ta kan ƙasar, ya gangara ɗaya gefen, ya bar ɗan layi kamar an ja da tsinke. Ta kira kakanta. Ya zo ya duba, layin ya riga ya yi faɗin hannu.

Bai yi gardama ba. Ya ce Najat ta kwaso buhunan da ke kansu ta cika da duwatsu ta danne wurin, shi kuma ya nufi manfas. Gwiwoyin da ba sa sauka gangare suka sauka ranar. Ya shiga ruwan har cinya, ya kama wayar da hannu yana ja, waya ba ta san yana yi ba. Jilani ya ga abin da ke faruwa, ya san in ganuwar nan ta tafi gaba ɗaya tasa ce ta gaba. Ya hauro da filaya a hannu, amma da ya iso dutsen iyaka sai ya tsaya.

"Tuhami, in shigo?"

"Shigo mana, tsohon banza. Sai na rubuto maka takarda?"

Tsofaffin biyu suka yi ta yanka waya suna ture duwatsu, ruwa na neman kayar da su. A ɗaya ƙarshen Siham da mahaifiyarta suna jefa duk abin da hannunsu ya kai gare shi, ruwan yana kwashewa. Ɓarakar ta yi faɗin ƙofa, sannan ƙasar da Najat ke tsaye a kai ta motsa, ta fizgi Siham suka ja da baya. Kusurwar yamma ta zube gaba ɗaya. Ɓaure ɗaya ya bi ta nan take. Zaitun mafi tsufa, wanda ke kusa da wurin, ya daɗe yana karkata kafin saiwoyinsa su saki, ya kwanta a cikin ramin. A daidai lokacin layin dutsen sama na manfas ya buɗe, ruwa ya sami hanya mai faɗi, ya fara sauka. Sauran ganuwar ta tsaya.

Da la'asar sama ta washe. Laka ta binne rabin gonar Jilani, wadda ya riga ya nome yana jiran shuka sha'ir. Ya dubi gonarsa ya dubi abokinsa, ya ce ya roƙi ruwa an haɗo masa da gonar ma, ya gode. Ba wanda ya yi dariya. Si Tuhami ya zauna a kan dutse, hannuwansa na jini, yana kallon itacen da ya kwanta. Sai da Najat ta kawo jaki aka ɗora shi.

Kwana tara bayan haka Ulfa ta iso, a ƙafa daga babban titi, don ruwa ya cinye hanyar kwarin. Ta zagaya gonar, ta duba yankakkiyar waya, ta sauka cikin sabon ramin ta auna. Ba ta ce wa tsohon ai ta gaya masa ba. Ta ce tarakta ba za ta dawo bana ba, akwai gonaki da yawa da suka lalace waɗanda ba a taɓa yi wa aiki ba, su ne a gaba. Ta nuna musu yadda za su jera ƙananan shingayen dutse a cikin ramin, uku a jere, su cusa rassan itacen da ya faɗi a tsakani, don ruwa na gaba ya ajiye ƙasa maimakon ya ɗiba. Manfas kuma a bar shi yadda su biyu suka buɗe shi.

Si Tuhami ya saurara yana tsaye da sandarsa. Da ta gama ya ce ruwan bana ya fi na kowace shekara da ya sani, ko da an bar zaren inda ta sa shi da ganuwar ta ɓalle.

Ulfa ta dube shi, ta dubi hannuwansa da ke naɗe da tsumma, ta ce, "Mai yiwuwa, Ammi."

Siham ta ji kamar ta fashe. Ta raka ta zuwa titi ba tare da an aike ta ba, sai da suka yi nisa ta tambaye ta ko da gaske ne da ta ɓalle.

Ulfa ta ce, "Awona ya ce da ta riƙe. Amma ban ga ruwan da idona ba, ba zan rantse ba."

"To don me ba ki gaya masa haka ba?"

"Itacensa ya riga ya faɗi, Siham. Kuma ni ma na ce zan zo kafin a gama, ban zo ba. Na ce Alhamis, ban zo ba."

Ta ce mata ta sa man zaitun a yankan hannunta, kada ta bari laka ta shiga. Motar kasuwa ta tsaya, ta shiga, ta tafi.

Siham ta koma a hankali. Da ta iso gida ta tarar da butar shayi a kan garwashi, kakanta yana zaune a inuwar bango. Bai dube ta ba, ya dai tura ƙaramin kofinsa gabanta da yatsa. Ta tsuguna ta zuba masa. Ba wanda ya ɗora mata laifi, a ranar ko bayanta, mahaifinta ma da ya ji labari cewa ya yi ƙaddara ce. Amma ita ta lissafa mutanen da ta gaya wa gaskiya bayan an gama gini, su huɗu, kowannensu babba ne, kowanne kuma yana da dalilinsa na rashin taɓa dutsen. Ta fahimci cewa a duk makonnin nan sau ɗaya ne kawai abin ya kasance a hannunta, wato yammacin da aka miƙo mata sanda aka ce ta sauka, kuma a lokacin tana iya cewa ba za ta sauka ba.